Ƙafa Ta Uku

Ranar da na fara kai dogon gilashin nan tafkin Madarunfa,
a cikin kyamara na ɗaura sandar,
nan inda ramin sukuru yake,
yadda na saba da ƙananan gilasan biki da suna.
Kilo huɗu na reto a gaba, ba mai tallafa musu.
Sai na ji ƙas,
irin ƙarar ƙashin kaza a bakin yaro.
Bakin kyamara ya tsage.
Dinya ta tashi da garkenta, ni kuwa sai ido.

Nomau mai gyaran agogo, bayan babbar kasuwa,
ya juya ta a tafin hannu, ya daɗe bai tanka ba.
Can ya ce: "Jaki ma bisa tsakar baya aka aza mai mangala.
Wa ka gani ya ɗora ta ga wutsiya?
Dubi wanga awarwaro da ya kewaye gilashin,
dubi 'yar ƙafar da ke ƙarƙashinai.
Nan nauyi ka kwana."

Wata biyu ina biyan kuɗin wannan karatu.

Yanzu tun da jijjifi, kafin masunta su kwance jirage,
nakan zauna gindin gawo, gilashi a cinya kamar jinjiri,
in aza ƙafar awarwaro bisa yatsa,
in matsa gaba, in dawo baya,
har in sami gurbin da kai da gindi suka yi sulhu.
Wurin na shata shi da jan farcen Tsahara;
har yau tana cigiyar kwalbarta.

Farantin ƙarfe, sukuru biyu,
don guda ɗaya yakan bar kaya su juya.
Turnabis na mance shi a gida sau uku,
sai kwandalar dala biyar ta karɓi aikin.
In murɗa har ta ƙi, in ƙara ɗan kaɗan, in bari,
kada haƙoran sukuru su cinye juna.
In zura faranti a bakin sanda har ya ce ƙyat,
in girgiza shi kamar mai taya gado a kasuwa.
Igiya dai tana wuyana.
Ƙarfe amini ne, amma na taɓa ganin amini ya saki.

Gaɓoɓin sanda uku, kowace in kulle, in danne ta da ƙirji,
mai niyyar zamewa ta zame tun yanzu.
Lakar bakin tafki haɗiye ƙafa take,
sai na yanko dunduniyar tsohon silifa na yi mata takalmi.
Illa masunci ya yi dariya har koma ta suɓuce masa:
"Mai hoto, sandarka ta fi ni gata!"

Sanda a gaba, ƙafafuna biyu a baya, a buɗe.
Murhu ke nan, dutse uku, tukunya ta zauna.
Hannun hagu bisa gadon bayan gilashi,
goshi manne da kyamara,
sauro na cin kunnena, ban kore shi ba.

Hantsi bai ɗaga ba gauraka biyu suka sauko
can tsallake, inda ciyawa ta sha ruwa.
Ɗaya ta sunkuya tana tsince,
ɗaya ta miƙe, ta ware fiffike,
tukkunta ya kama rana.
Na sassauta awarwaro, na juya kyamara tsaye,
sanda ko gezau.
Na fitar da rabin numfashi, na riƙe rabi,
na danna.

Kafin in hau moto na raba su,
gilashi cikin jaka, sanda a goye,
don ramukan hanyar Maraɗi ba su san tsadar kaya ba.

Nomau ya ɗora madubin aikinsa a ido,
ya duƙufa kan hoton yana ƙirga gashin tukku,
ya kai goma sha bakwai ya ɗago.
"Ya yi," in ji shi.
"Saura jikka biyu cikin kuɗin gyarana."